A dinga ƙirga, amma a dinga duba mara lafiya

Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana ma'aikatan lafiya, likitoci da nas-nas da masu ɗakin gwaji, a kan yadda muke raina rubutun da ke cikin fayil ɗin majinyata.

Da yawanmu in ka ce a cika rajista ko a shigar da bayanai a kwamfuta sai ka ga an ɓata rai, wai aikin banza ne, wai shekara ashirin ina aikin nan na san abin da ke yi da wanda ba ya yi. To wallahi gogewa kaɗai tana iya yaudarar mutum, kuma an gani. Shekara da shekaru likitocin yara sun yarda cewa yaron da aka kawo da zazzaɓi mai tsanani jikinsa ya saki jini ba ya zagayawa sosai, maganinsa a ɗura masa ruwa ta jijiya da sauri da yawa lokaci guda, haka aka koyar, haka kowa ke yi babu mai tantama. Sai aka yi binciken FEAST a asibitocin Uganda da Kenya da Tanzaniya, yara sama da 3,000, sakamakon ya fito a 2011. Cikin awa 48 kusan kashi 10.5 cikin ɗari na yaran da aka ɗura wa ruwan da sauri sun rasu, waɗanda aka bar su da ruwa a hankali kuwa kashi 7.3 ne. Dole aka dakatar da binciken kafin lokacinsa. Kar a fahimce ni baibai, ban da yara masu gudawa a ciki, su kam ruwa ne ceton su. Abin da ke tayar min da hankali shi ne ba wani likita da zai iya gano wannan da idonsa a gado ɗaya, domin yaron yakan ɗan farfaɗo da farko har kowa ya ji daɗi, sai da aka tara dubbai aka ƙirga.

Amma fa ba ina cewa a miƙa wa na'ura wuya ba. Ɗan abin nan da ake maƙala wa yatsa yana nuna oksijin a jini, masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka sun nuna a 2020 cewa ya fi yin kuskure a kan baƙar fata, zai nuna lamba mai kyau alhali oksijin ɗin ya yi ƙasa sosai, kuma hakan ya faru ga baƙaƙe kusan ninki uku na farare. To in lamba ta ce 95 amma kana ganin mutum yana numfashi da kyar, haƙarƙarinsa na shiga ciki, ya kasa haɗa kalma biyar, wa za ka gaskata? Nan ne ido da kunne da hannun likita ke aiki, ka ɗora masa abin sauraron ƙirji, ka tambayi mai jinyarsa yadda ya kwana, ka sa masa oksijin ko da lambar ta hana.

Roƙona ga shugabannin asibitoci shi ne a daina karɓar alƙaluma a tura sama kawai ba tare da waɗanda suka rubuta su sun sake ganinsu ba, ai shi ya sa ake cikawa da ka. Duk wata a zauna, likita da nas da ungozoma da mai gwaji, a buɗe fayil ɗin duk wanda ya rasu ko ya dawo da ciwonsa, a duba ƙarfe nawa ya iso, ƙarfe nawa aka fara masa magani, me aka gani aka ƙyale, ba don a kama wani da laifi ba, don in ana tsoron hukunci babu mai rubuta gaskiya.

Na gode.
Wani ma'aikacin jinya