Godiya ga Masu Shagon Tsofaffin Kayan Ɗaki na Bayan Kasuwar Katako, Jos

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina gaida mai shago, ina gaida Baba kafinta, ina gaida yaran da ke aiki a hannunsu. Na zo har shagon don in yi wannan godiya baki da baki, amma ban kai ko'ina ba Baba ya katse ni, ya ce, "Haba Hajiya, ai ciniki muka yi. Kin ba mu kuɗi, mun ba ki kaya." To tunda ya hana ni faɗa a gabansa, bari in faɗa a gaban jama'a, inda ba shi da halin katse ni. Ban kama sunan kowa ba don ban nemi izini ba, amma duk wanda ya saba shiga layin nan na bayan masu sayar da katako ya san inda nake nufi.

Shekara 4 ke nan da rasuwar mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta da rahama. Da aka zo rabon gado, kwanukanta ne suka faɗo a kasona: tasoshin tagulla, da kwalla, da langa, da wasu tangaran masu zanen fure da ba ta taɓa yarda an ci abinci a cikinsu ba. Kabet ɗin da suka shekara fiye da arba'in a cikinsa kuwa ya faɗa kason wani yayana, kuma kafin in buɗe baki ya riga ya sayar wa dillali. Ban riƙe shi a zuciya ba, haƙƙinsa ne. Sai dai kabet ɗin nan yana da labari. Mahaifinmu akawu ne a kamfanin kuza a Bukuru, kuma ya saye shi ne daga hannun Baturen da yake aiki a ƙarƙashinsa, lokacin da Turawa suka fara tattara nasu ya nasu bayan dokar 1972 ta zamanin Gowon, wadda ta mayar da kaso mai yawa na kamfanoni hannun 'yan ƙasa. Muna yara, a gaban gilashinsa muke tsayawa muna duba kwalliyar Sallah. Sai ga kwanukan Inna sun koma cikin kwali a ƙarƙashin gadona, shekara uku cur, kullum na tuna sai raina ya sosu.

Da farko kafinta na ba aiki. Na kwatanta masa, har zane jikata ta yi masa a takarda, na biya kafin alƙalami fiye da rabin kuɗin. Ya ce mako biyu. Mako biyun nan sai da ya zama wata biyar. Yau an ɗauke wuta, gobe yaronsa ya tafi biki ƙauye, jibi ba ya ɗaukar waya. Ranar da ya kawo, abu ya yi kyau a ido, fenti sai ƙyalli. Ashe ɗanyar malaina ce ko bushewa ba ta gama ba. Hunturun farko da ya buga shi, ƙofa ɗaya ta murɗe ta ƙi rufuwa, gefe ya tsage har ana hango bango. Yanzu yana kicin, albasa da daddawa nake zubawa a ciki.

Sai na ce to bari in nemi tsoho na gaskiya. Da na je Abuja duba 'yata, ta kai ni wani shago mai sanyi da ƙamshi, an jera kaya an ce duk na zamanin Turawan mulki ne. Kuɗin da aka ambata mini a kan kabet ɗaya ya kusa kai garatutina. Na ce a buɗe mini durowa in duba, yarinyar da ke tsaron wurin ta dube ni sama da ƙasa ta ce ba a taɓawa sai an tabbatar za a saya. Ni kuwa shekara 33 na yi ina aikin jinya, hancina ba ya yi mini ƙarya: warin man takalmi nake ji yana tashi daga jikin katakon. Na leƙa bayansa a sace, sai ga filawud sabo fil an harbe shi da ƙusar bindiga. Na ja hannun 'yata muka fito. Na ukun ba na ma son tunawa. A waya na gan shi yana talla, hoto kamar ka kai hannu ka ɗauka, na tura kuɗin mota, daga ranar layinsa bai sake shiga ba.

Da wannan zuciyar na shigo shagonku, kuma ina neman afuwa, don na san fuskata a ɗaure take. Wata maƙwabciyata ce ta matsa mini, ni kuwa na zo ne kawai don kada ta ce na raina maganarta.

Ina shiga idona ya sauka a kan wani kabet mai sassaƙa a goshi, baƙi wuluk, yana sheƙi. Na ce wannan nake so. Yaron shago ya faɗi kuɗi, naira dubu 260, har na fara lissafin inda zan cike. Sai wani dattijo ya taso daga can ciki, da fensir a bayan kunne, ya gaishe ni, ya tambaye ni me zan zuba a ciki. Na ba shi labarin Inna a taƙaice. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Hajiya, in kyau kike nema, ɗauki wannan, ba shi da aibu. Amma in irin na mahaifiyarki kike nema, wannan ba sa'ansa ba ne. Bai wuce shekara 20 ba, na ma san wanda ya yi shi." Ya ja ni can ƙurya, ya yaye wani tsohon buhu, sai ga wani kabet ya yi butu-butu da ƙura, ba ado ba komai, kuɗinsa kuma bai kai na farkon ba da kusan dubu 70.

Na tsaya ina kallon bawan Allahn nan. Tunda nake shiga kasuwa ban taɓa ganin wanda ya janye mai saye daga kaya mai tsada ya kai shi ga mai araha ba, kuma mai shago yana zaune yana ji, bai ce uffan ba sai murmushi.

Abin da ya biyo baya darasi ne, kusan awa guda, bai ƙosa ba. Ya zaro durowar gaba ɗaya ya miƙa mini, abin da aka hana ni a Abuja. Ya nuna mini kusurwarta, inda katako ya shiga cikin katako kamar an sarƙe yatsun hannu biyu, babu ƙusa ko ɗaya. Ya ce in lura haƙoran ba su zo daidai da juna ba, wani ya ɗan fi wani faɗi, alamar da zarto da kurfi aka yanka su, hannu ne ya yi ba inji ba. Ya sa na shafa bayan kabet ɗin, na ji falankaye ne na gaske, da ɗan tudu da kwari na aikin hannu. Ya nuna mini kan sukuru, tsaga ɗaya ce a miƙe, ba mai gicciye irin na yanzu ba. Gilashin ma in ka karkata kai sai ka ga hoto yana ɗan rawa a ciki. Sannan ya kankare wani ɗan wuri a ƙarƙashi da wuƙa, sai ga ja ya fito. Ya ce maɗaci ne. Ya ce yawancin kayan gidajen Turawan kuza da na ma'aikatan gwamnati ko dai maɗaci ne ko loko, shi loko daga kurmi ake kawo shi ta jirgin ƙasa, musamman bayan da layin dogo na Kafanchan ya iso Jos a 1927, kuma gara ba ta cika samun sa'arsa ba. Ya ce ba a Ingila aka yi yawancinsu ba kamar yadda dillalai ke cika baki, kafintocin ƙasar nan ne suka yi su, a wuraren aikin gwamnati da na kamfanoni da na mishan. Shi ma a hannun ɗaya daga cikinsu ya koyi sana'a yana yaro.

Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa garin nan yake da irin waɗannan kaya da yawa. Turawa sun zauna a Rayfield da Bukuru da Anglo Jos shekara da shekaru, in za su tafi ba sa ɗaukar tebur da kujera, sai su yi gwanjonsu ko su bar wa kuku da boyi. Da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, sauran gidajen kamfani ma suka watse. Kayan suna nan a ɗakunan tsofaffi a Gangare da Dilimi da Unguwar Rogo, jikoki na ganinsu tarkace, suna neman wanda zai kwashe don su sa kushin.

Na ce a ɗaure mini shi yau ɗin nan. Baba ya ce a'a. Ya tsuguna, ya nuna mini wasu 'yan ramuka kamar hujin allura a ƙafar baya. Ya ce ƙwaron katako ne, amma bai sani ba ko ya mutu tuntuni ko yana nan da rai, kuma ba zai yarda in kai shi gida ya harbi sauran kayana ba. Zai shimfiɗa farin ƙyalle a ƙarƙashi ya bar shi kwana 14. In gari ya zubo, to ƙwaro na ciki. Na miƙa kafin alƙalami, ya ƙi karɓa, ya ce sai an ga abin da ƙyalle ya ce.

Wallahi na fita ina cewa a raina an sake. Kwana 14 na cika, ranar Talata da hantsi, waya ta yi ƙara. Ya ce gari ya zubo a ƙafa ɗaya, ya cire ta, ya sassaƙa wata daga wata tsohuwar ƙofar maɗaci da ya ajiye, sauran jikin kuma ya bi shi da magani. Da na zo, kafin in tambaya ya nuna mini sabuwar ƙafar, ga kuma tsohuwar a gefe ta rududduge ciki. Da ya yi shiru, har abada ba zan gane ba. Mai shago kuma ya rage dubu 15, ya ce tunda ba duka jikin ne na asali ba, bai halatta ya karɓi kuɗin na asali ba. Aka rubuta mini rasit, har da batun ƙafar a ciki.

Akwai kuma wata 'yar kujera ta sassaƙa da na gani, irin ta tsugunno, ta sha hannu har ta yi santsi. Na taya, Baba ya ce gyara aka kawo, kuma ko da ta sayarwa ce sai ya bincika, don kayan gargajiya da aka yi kafin 1918 doka ta 1979 ta sa su ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi, ba a cinikinsu yadda aka ga dama, balle a fitar da su waje. Ya ce in ina son ganin irinsu in je gidan tarihin da ke nan garin, wanda aka buɗe tun 1952. Kunya ta kama ni, an haife ni a Jos amma rabona da wurin tun muna firamare aka kai mu a layi.

Kawo kaya ba wata matsala. A akori-kura aka ɗauko, yara huɗu suka shigar, suka sa gutsuren tayil a ƙarƙashin ƙafafu, suka ɗan janye shi daga bango saboda laimar damina. Saƙon Baba shi ne kada in kusantar da kaskon gawayi lokacin sanyi, kada rana ta riƙa dukansa ta taga, in goge da busasshen ƙyalle, sau ɗaya ko biyu a shekara in shafa kakin zuma, kuma kada in kuskura wani ya ruɗe ni ya yi masa fenti.

Abin da ke ci mini rai shi ne, me ya same mu? Yau uba zai ci bashi, uwa ta sayar da ɗan kunnenta, a yi wa yarinya kayan ɗaki na miliyoyi, gado da wadrob da madubi, duk dusar katako ce aka matse da gam aka liƙa mata leda mai zanen itace. Ruwa ya taɓa ta kumbura, a tashi daga gidan haya sau ɗaya ta ruguje. Kafin a yaye ɗan fari an fara maganar sabon jere. Mu iyaye mata ma da laifinmu, mun fi son abin da 'yan ganin ɗaki za su yi wa guɗa a ranar, ba abin da jika zai gada ba. Ga itatuwan ma an gama da su: madobiya an yi ta sara ana lodawa zuwa Sin, maɗacin da ya rage an bi shi da gatari da masu ɓare ɓawo don magani. Yaran da ya kamata su tsaya su koyi aiki shekara biyar ko shida, wata shida suke yi su buɗe nasu shagon, ko su tafi tuƙin Keke, ko ramin kuza. Alkawari kuwa, daga tela har makaniki har mai gyaran famfo, "gobe" ta zama kalmar sallamar mutum kawai. Shi ya sa waya ɗaya da aka yi mini a ranar da aka ce za a yi ta tsaya mini a rai haka, abin da a da ba wanda zai ɗauke shi abin labari.

Ƙorafina ɗaya gare ku, ku taimaka ku kafa allo a bakin layi. Sau biyu ina wuce ku, mai Keke har ya fara yi mini tsaki. Kuma a samo wa masu jira benci mai kyau, abin kunya ne a gidan kujeru baƙo ya zauna a kan galan.

Kwanukan Inna sun fito daga kwali. Na wanke tasoshin da toka da lemon tsami, na jera su yadda take jerawa, manya a ƙasa, tangaran a sama. Ƙanwar Inna ta zo ranar Juma'a, ta buɗe ƙofar kabet ɗin ta sunkuya ta shaƙa, ta daɗe ba ta ɗago ba, sannan ta ce in kawo mata kujera nan za ta zauna.

Allah ya saka muku da alheri, ya sa albarka a kasuwa, ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, ya jiƙan malamin da ya koya masa. Baba, gadon ƙarfen nan mai rumfa da na gani jingine a bayan ƙofa, don Allah kada a sayar wa kowa. Fansho na shigowa ƙarshen wata zan zo, kuma a wannan karon sai ka karɓi kafin alƙalami.

Wassalam.

Daga 'yarku, tsohuwar ma'aikaciyar jinya,
Rikkos, Jos.