Godiya ga mutanen garajin Agadas da sunka hidda mu kunya a tahiyar Timiya

Salamu alaikum jama'a. Tun da munka dawo Maraɗi nike son in rubuta wanga abu amma hidimar kasuwa ba ta bar ni ba, yau dai na ce sai na yi ma mutanen garajin nan na Agadas godiya gaban kowa, wanda ke bakin hanyar Arlit in ka hito daga cikin gari, mai ƙyauren ƙarhe shuɗi. Mai garajin ya ce kar in sa sunanshi, to Alhaji na bi maganarka, amma ƙyauren naka dai na hwaɗa.

Ƙanen maiɗakina malamin lakwal ne, an kai shi aiki Timiya can cikin duwatsun Abzin, shekara biyu yana ta kiranmu mu zo mu ga lemu bisa itace. Da hutun ƙarshen Disamba ya zo sai munka ce bismillah, ni da ita da yara huɗu da Inna, wadda ta rantse ba a barin ta gida. Munka ɗau hanya da asuba, Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa, Takyeta, kilomita wajen 235 sai ga mu Damagaram, munka kwana. Washegari munka nuhi arewa, Damagaram zuwa Agadas kusan kilomita 450 ne kuma duk wanda ya san hanyar bayan Tanut ya san ba ta wasa ba ce. Mun wuce Adarbisanat kaɗan allurar zahi ta hau ja, tururi ya turnuƙe gaban mota, yara sunka hwara kuka, Inna tana ta salati. Haka munka riƙa tahiya muna tsayawa muna ɗura ruwa, har ruwan shan da munka yo guzuri ya ƙare cikin radiyato, munka shiga Agadas bayan isha'i a gajiye liƙis.

Wani da munka hwara nuna ma motar da sahe, ko bonet bai gama ɗagawa ba ya ce inji ya ƙone sai an sauke shi, in kawo jika 200 kahin alƙalami. Gabana ya hwaɗi, don kuɗin tahiyar gaba ɗaya ba su wuce haka da yawa ba. Mai masaukinmu ne ya ce in dai ƙara gwada wani wuri, ya haɗa ni da yaro ya kai ni wurinku.

Alhaji ba ka ce mini komi ba sai da ka sa anka tada inji, ka tsaya kana saurare, ka duba mai ka ga ba ruwa ciki, sannan ka sa yaronka ya shiga ƙarƙashi da cocila. Ashe tiyo ne guda ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani. Tiyo da aiki da wanke radiyato duka jika 12. Na ƙara maka jika 5 na ce na shayin yara, ka maido mini ka ce in saya ma nawa yaran dabino. Wallahi na ji kunya.

Amma abin da ya hi tsaya mini a rai shi ne da na ce gobe za mu hau Timiya da ita, ka dube ni ka dubi motar ka yi dariya ka ce wannan ta kwalta ce, in na kai ta can sai dai raƙumi ya jawo ta. Na ɗan ji haushi lokacin, gaskiya, don ina ji da motata. Da wani ne ai sai ya bar ni in tahi in hwasa ta in dawo mishi da aikin jika ɗari-ɗari. Kai kuwa ka kira wani direban kat-kat ɗan can yankin, ka zauna munka yi ciniki gabanka, ka ce mu sanar da jami'an tsaro tahiyarmu kuma kar mu yarda dare ya riske mu a hanya, motata kuma ta kwana biyar cikin garajinka ko dala ba ka amsa ba.

Sai da munka wuce Almaki na gane abin da kake nuhi. Kilomita wajen 220 ne daga Agadas amma yini guda cur munka yi, nan rairayin ƙorama mai kama taya, can baƙin dutse mai kaihi kamar an zuba gawayi, ga hawa ga gangara. Direban ya nuna muna wajen da dutsen Bagzan yake, ɗiyata ta aji shida ta yi caraf ta ce mita 2,022, shi ya hi kowane dutse tsawo a Nijar, an koya musu a lakwal. Ranar nan kuɗin makarantar da nike biya ba su yi mini ciwo ba.

Timiya kuwa sai wanda ya gani. Kana cikin duwatsu ƙayau ba ko ciyawa sai kawai ka ga kore shar, garake jere bakin ƙorama, lemu da rumman da dabino, har da inabi ance in lokacinshi ya yi, ga alkama tana tasowa. Mu da munka saba da gonar gero da gyaɗa mai jiran damina, ganin mutane suna jawo ruwan rijiya suna noma tsakiyar rani cikin dutse ya ba ni mamaki. Munka je inda ruwa ke zubowa daga saman dutse cikin wani tafki, sanyinshi kamar ƙanƙara, yara sunka hau tudun da tsohon ginin sojan Faransa yake suna hango gari duka. Sanyin dare kam ba a magana, bargo biyu-biyu munka yi, Inna ta ce hunturun Maraɗi ashe wasan yara ne. Buzayen garin sunka cika mu da shayi da cuku, kuma Hausa ta ishe mu ko'ina.

Da munka sauko Agadas na tarar an wanke motar, an daidaita iskar tayu, an sa mini wani tiyon cikin but ko da za a yi. Har lokaci munka samu munka kai yara su ga hasumiyar babban masallaci, ta ƙasa zalla mai tsawon mita 27. Daga nan har ƙofar gidana allurar nan ba ta ƙara motsi ba.

Allah ya saka da alheri Alhaji, kai da yaranka duka, har da ƙaramin nan da ya sha baƙin mai a huska, Allah ya ƙara buɗi ya tsare ku. Man gyaɗa da ƙuliƙulin da Inna ta yi maka alkawari suna tahe ranar Laraba cikin motar kasuwa, ka sa yaro ya tarbe su tasha, kuma wanga karon kar ka maido.