A auna ruwan shanmu kan sinadaran PFAS

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin hukumomi kan wani rukunin sinadarai da ake kira PFAS, waɗanda aka ƙera da sinadarin fulorin ta yadda zafin rana da ruwa da ƙasa ba sa iya ruɓar da su. Da su ake yin kaskon suya da abinci ba ya kama shi, da rigunan ruwa, da takardar naɗe abinci mai maiƙo, da kumfar kashe gobarar man fetur a filayen jirgin sama. Idan suka shiga jikin mutum, sukan yi shekaru a cikin jini kafin su ragu.

Abin da ya faru a garin Parkersburg na Amurka ya isa a tsorata. Kamfanin DuPont ya daɗe yana zubar da dagwalon wani nau'insu mai suna PFOA a kusa da masana'antarsa, har wani manomi, Wilbur Tennant, ya ga shanunsa suna ramewa, haƙoransu sun yi baƙi, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya saboda shan ruwan rafin da ya ratsa gonarsa. Ya kai ƙara a 1999. Shari'o'in da suka biyo baya sun sa aka gwada jinin mutane kusan 69,000, kuma zuwa 2012 masana suka bayyana cewa da alama sinadarin yana da hannu a cututtuka shida, ciki har da kansar ƙoda, da kansar maraina, da ciwon maƙoƙo, da hawan jinin masu juna biyu. A 2017 aka amince a biya diyyar dala miliyan 671, kuɗin da ba zai dawo da lafiyar kowa ba. A 2023 kuma cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya PFOA cikin abubuwan da ke haddasa kansa.

Najeriya da Nijar duk suna cikin Yarjejeniyar Stockholm ta ƙasashen duniya kan sinadarai masu guba, wadda ta taƙaita amfani da wani nau'in PFAS mai suna PFOS a 2009, ta kuma haramta PFOA a 2019. Damuwata ita ce sa hannu a takarda ba ya tsaftace rijiya, kuma mun saba ganin kayan da aka kora daga kasuwannin Turai sun ƙare a namu. Uwar da ke tafasa wa jaririnta ruwa tana ganin ta gama kare shi, alhali tafasawa ba ta kawar da waɗannan sinadarai. Sai an tace ruwan da gawayi na musamman ko na'ura mai tsada, wadda talaka ba ya iya saye.

Saboda haka ina kira ga hukumar kare muhalli ta NESREA da NAFDAC da hukumomin ruwan sha na jihohi su fara ɗaukar samfurin ruwa daga rijiyoyin burtsatse da ke kewaye da filayen jirgin sama da bololi, da kogin Challawa inda dagwalon masana'antun fata na Kano ke kwarara, tun da an san ana amfani da irin waɗannan sinadarai a duniya wajen hana fata jiƙewa. A haɗa da kifin da ake kamawa a wurin da ruwan leda da ake sayarwa a titi, sannan a buga sakamakon a jaridu, a karanta shi a rediyo da Hausa.

Naka,
Wani mai karatu daga Kano