Rahoton Ayyukan Shekara Ga Membobin Ƙungiya

Assalamu alaikum, 'yan'uwa.

Kusan duk aikin bana ya tafi ne kan tambayar da babban taro ya ɗora mana: shin a riƙa zaɓo talakawa su zauna su taya alƙali yanke hukunci a shari'un cin hanci da wawure dukiyar jama'a?

Kwamitin bincike ya fara da gida. An kafa hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC a 2000, EFCC ta biyo baya a 2003, amma har yau alƙali guda ne ke sauraron ƙarar da suka shigar. Mun daɗe a kan shari'ar James Ibori, tsohon gwamnan Delta: a 2009 kotun tarayya a Asaba ta yi watsi da tuhume-tuhume 170 da ake masa, a 2012 kuma ya amsa laifi a Landan, aka ɗaure shi shekara 13. Masu goyon bayan zaɓo talakawa suka ce sayen alƙali ɗaya ya fi sayen talakawa goma sha biyu sauƙi.

Sai wata 'yar'uwa lauya ta kawo mana labarin Sifaniya, inda tun 1995 mutum tara daga cikin jama'a ke yanke hukunci kan cin hanci da almubazzaranci da kuɗin gwamnati. A 2012 irin waɗannan mutane suka wanke Francisco Camps, tsohon shugaban yankin Valencia, biyar da huɗu. Zauren ya yi tsit. Wani dattijo ya ce, in Turawa sun yi haka, mu da ɗan siyasa ke raba mana shinkafa fa? Ga ƙabilanci, ga tsoron 'yan daba. Ingila ma ta ɗanɗana: shari'ar zambar layin dogo na Jubilee, wadda ita ma irin waɗannan mutane ke sauraro, ta rushe a 2005 bayan wata 21.

Ni dai a ganina, jan ƙafa ya fi komai cin mu. An gurfanar da Orji Kalu, tsohon gwamnan Abiya, a 2007, aka yanke masa hukunci a 2019, Kotun Ƙoli ta soke a 2020 saboda an riga an ɗaga alƙalin zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Wane ɗan kasuwa zai rufe shagonsa shekara 12 don ya zauna taya alƙali?

Don haka takardar da muka rubuta ba ta nemi a sauya tsari gaba ɗaya ba. Ta nemi gwaji a ƙananan shari'u, da ƙayyade wa'adi, da ɓoye sunayen waɗanda aka zaɓa. Wasu membobi na ganin mun yi sanyi, kuma mun rubuta ƙorafinsu.

Taron wayar da kai na mata bai yiwu ba. Mai zauren ya janye ana jibi, kuɗin kafin alƙalami kuma har yanzu bai dawo ba. Shirin rediyo ya tsaya don aljihu ya yi ƙasa. Masu bashin kuɗin wata, ma'aji na jiranku kafin zama na gaba, inda za a kaɗa ƙuri'a kan takardar.

Sakataren ƙungiya