Kada a Goge Sunan Tsoho Don Bai Amsa Katin Kirsimeti Ba

Zuwa ga Edita,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da ƴaƴanmu da jikokinmu na Damagaram, tunda Disamba ya kama, ɗari ya sauka, an fara shirin Kirsimeti, ko Nowel yadda muka saba faɗa a nan.

Ni Kirista ne, tsohon malamin makaranta, a garin nan aka binne cibiyata. Tun zuwan ƴan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) Zinder, wato Damagaram, a 1924 har yau mu tsiraru ne, don haka yawancin ƙofofin da muke kai wa kati na Musulmi ne, kuma iyayenmu sun koya mana yadda ake yi. Ba a ba maƙwabci Musulmi kati mai hoton jariri cikin komin dabbobi. A nemo masa na barka da sabuwar shekara, mai fure, a rubuta sunan maigida da hannu, a ƙara "da iyalinsa". Wanda katanga ɗaya ta raba ku, ba a aika masa ta gidan waya. Yaro ne zai kai tare da kwanon shinkafa da miya, naman kuwa yankan Musulmi, don a ci ba tare da kokwanto ba. Shi ma ba kati ake jira daga wajensa ba. Amsarsa tana zuwa da azumi cikin kwaryar kunu, ko washegarin layya idan an sauke rago daga bakin wuta aka fara rabo. In kuma wani ya ce zuciyarsa ba ta kwanta da karɓar katin ba, ba a jin haushi. A kai gaisuwa da abinci, zumunci ya ci gaba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da wata ƴar ƙanwata ta yi mini bayan sujada. Ta ce, "Kawu, ni wanda bai amsa mini ba bara da bana, cire shi nake yi daga jerin waɗanda nake aika wa gaisuwar Kirsimeti." Na bincika, ashe ba ita kaɗai ba ce. Suna tura hoto ɗaya ta WhatsApp ga kowa, su duba wanda ya mayar, su goge sauran. Tsakaninsu matasa su suka sani. Amma idan aka gwada tsoho da wannan mudu, an zalunce shi.

Ga Hajiya da ke bayan gidana. Yanar ido ta rufe mata gani, waya kuwa sai an danna an kara mata a kunne. Idan na kai mata kati, sai ta shafa shi da yatsu, ta bi bakin takardar, ta kira jikanta ya karanta mata, sannan ta buɗe kwalla ta sa shi ƙarƙashin zannuwanta inda na baya suke. Tun rasuwar Alhaji ba a sake ɗaure rago a gidan ba, kuma na san kunyar rashin abin mayarwa na cinta, shi ya sa takan ce, "Malam, ka daina wahalar da kanka." Wannan Alhajin, ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, lokacin da aka ƙona majami'u a garin nan, hayaƙi ya turnuƙe, wasu ƴan'uwanmu suka fake a barikin soja, shi ne ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gidana ya zauna da carbinsa har dare. Yau in goge sunan matarsa don ba ta aiko da nama ba?

Tsoho idan ya yi shiru, gwiwa ce, ko ido, ko takaba, ko babu yaron aike. Wani ma yana kwance ba wanda ya sani. Shirun nan kira ne a taka a dubo shi.

Ni kuwa sunayen da ke jerina suna raguwa ba tare da na goge kowa ba. Abokai ƴan Benin da Togo da muka koyar tare, wasu sun koma gida bayan 2015, wasu ƙasa ta rufe musu ido. Hannuna ya fara rawa, jikata ke rubuta bayan ambulan, ni in sa hannu a ciki. Katin ma yanzu sai an sha yawo a Kasuwar Dole kafin a samu, ga tsadar rayuwa. Wanda bai samu ba ya yage takarda mai tsabta, ya rubuta layi biyu da Hausa, ya isa.

Roƙona ga matasan majami'unmu mazauna unguwannin Birni da Zango da Sabon Gari: bana kowa ya zaɓi tsofaffin layinsu, Musulmi da Kirista, ya kai da ƙafarsa da hantsi, bayan sanyi ya sake su. Ya yi sallama, ya durƙusa ya gaisa, ya karanta musu abin da ya rubuta da ƙarfi, ya tambayi ko akwai maganin da ya ƙare a sayo.

Na gode da ba ni fili.

Naku,
Wani tsohon malamin makaranta,
Unguwar Sabon Gari, Damagaram