Ina Son Mai Tsaya Mini Ranar Haihuwa, Amma Ba Na Son Ɓata Wa Surukata Rai

Assalamu alaikum Hajiya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da iyali da abokan aiki. Allah Ya saka miki da alheri bisa yadda kike sauraron kukan mata a shirinki ba tare da gajiyawa ba.

Ni malamar firamare ce, ina aure a Ɗorayi, maigidana yana kasuwanci a Kantin Kwari. Ina ɗauke da cikin fari, ya shiga wata na bakwai, kuma lissafin asibiti ya nuna zan sauka a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake kan ganiyarsa. Mahaifiyata ta rasu tun ina sakandare, yayata mace ɗaya tilo kuma yanzu tana aure a Fatakwal. Don haka ba ni da ɗakin uwa da zan koma goyon ciki ko wanka, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Mahaifiyar maigidana, wadda muke kira Umma, ita ta ce ta ɗauki wannan nauyin. Ina so ki sani tun da wuri cewa Umma ba ta taɓa cuta mini ba. Lokacin da laulayi ya kwantar da ni, ita take aiko mini da fate da kunun tsamiya daga Gwammaja, har wanki take sa a zo a ɗauka. Da muguwar suruka ce da ban sha wahalar rubuto miki ba.

A wurin awo na haɗu da wata baiwar Allah, za ta kai shekara hamsin, mata suna kiranta Anti. Ba nas ba ce, ba kuma ungozoma ba. Ta daɗe cikin matan sa-kai masu bi gida-gida suna kira a kai yara rigakafi, a je awo, ta kuma samu horo a kan kula da mai ciki da jariri. Yanzu mata suna ɗaukarta ta riƙa leƙa su tun ciki yana tsufa, ta raka su asibiti ranar naƙuda, ta ci gaba da zuwa bayan an sauka. A Amurka da Ingila sana'a ce sananniya, suna ce wa masu yinta dula. Ba ta allura, ba ta rubuta magani, ba ta karɓar haihuwa, kuma da bakinta ta gaya mini cewa duk ranar da na ji ta ce in sha wani abu wanda likita bai ce ba, in sallame ta. Aikinta shi ne ta zauna da ke, ta danna miki baya idan ciwo ya taso, ta ba ki ruwa, ta tashe ki ki ɗan taka, ta tuna miki addu'a, ta lura da abin da ke ba za ki iya lura da shi ba, ta kira malaman asibiti idan ta ga abin da bai yi mata ba.

Ranar da ta zo gidana, bayan ta duba katin awona ta ga an yi mini allurar tetanus kuma ina karɓar Fansidar na rigakafin zazzaɓin cizon sauro da maganin ƙarin jini, sai ta ce in buɗe mata akwatin kayan jariri. Ina ɗaga murfin ta ja baya. Ta sa hannu cikin rigunan ta tsinto ƙwayoyin kafur ɗaya bayan ɗaya, waɗanda aka zuba saboda kyankyaso, ta ƙulle su a leda. Ta ce akwai jarirai da kafur ke fasa musu jini ya jawo ciwon shawara mai tsanani, har ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ba a gane wane jariri ne da ido. Muka wanke kayan tas muka shanya a rana. Sannan ta sa na haɗa jakar asibiti tun yanzu, ta sa maigidana ya ajiye lambar mai adaidaita sahu biyu na unguwa saboda naƙudar dare, ya kuma nemi wanda zai ba da jini idan buƙata ta taso. Da ta tafi na zauna na yi kuka, domin irin abin da uwa take yi wa 'yarta ke nan.

Abin da ya sa na ƙwallafa rai a kan wannan, yayata ce. A nan Kano ta yi haihuwar fari, a wani asibiti. Aka tsayar da masu rakiya a waje, ita kuma ga kunyar ɗan fari, an yi ta ja mata kunne kada ta yi raki ta ba da mu. Malaman da ke aiki a daren ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, mata kuwa har a ƙasa. Ta haihu lafiya, aka koma kan wata. Jini ya ɓalle mata, ta ji jiri, amma ta yi shiru tana zaton haka ake ji. Mai shara ce ta lura zanin ya jiƙe har yana ɗiga, ta kwarma ihu. Sai da aka ƙara mata jini. Ba na zargin malaman, don hannu biyu ba ya riƙe mata goma. Amma da akwai mutum ɗaya a gefenta da ba ta kai haka ba.

Na karanta cewa a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar kowace mace ta shiga naƙuda da wanda ta zaɓa ya zauna da ita, domin an ga matan da ba a barinsu su kaɗai naƙudarsu ta fi sauri, kuma an fi samun waɗanda suke haihuwa da kansu ba sai an yi musu aiki ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 kuma ya nuna a Najeriya mata 512 ne ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000. Na san rai da ajali na Allah ne, Hajiya, amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Ga shi a awon da ya wuce an ce jinina ya ɗan hau. Nas ta ce in na ji ciwon kai mai tsanani, ko idona yana dishi-dishi, ko fuska da hannu sun kumbura, kada in jira gari ya waye, domin hanyar jijjiga ke nan. Ta kuma ce kada in kuskura in haihu a gida.

Da maigidana ya kai wa Umma maganar Anti, sai ta sa aka kira ni. Ba ta ɗaga murya ba, wannan ya fi yi mini ciwo. Ta ce, "Wato ni ban isa ba ke nan? Tara na haifa a ɗakin nan a kan gwiwata, ko maƙota ba su ji tarina ba. Yanzu bare za a ɗauko a biya ta kuɗi ta zo ta tsaya a kan jikana? Kin san ko wace ce? Kin san hannun da za ta taɓa mabiyiya da shi?" Sannan ta kama hannuna ta kai ni bayan ɗaki. Ta riga ta tara itace har ya kusa kai katanga, ga ƙatuwar tukunyar wanka an wanke an kife, ga buhun gero, ga kanwa a ƙwarya, ga yajin jego ta daka da kanta ta cika kwalabe. Ta ce ganyen darbejiya kuwa a ƙofar gida yake. Ta ɗauko jarkar maganin zaƙi ta miƙa mini, na karɓa hannu biyu na yi godiya. Yana nan a ajiye, domin a asibiti an hana mu shan abin da ba a san ƙarfinsa ba.

Ga kuma Iya ungozoma, wadda ita ta yanke wa maigidana cibiya. Ta tsufa, amma duk haihuwar gidan ita ke wankan jariri, ta gasa cibiya, ta binne mabiyiya, ranar suna a ba ta atamfa da sabulu da rabonta na nama. Labari ya riga ya kai mata, kuma an ce ta ce 'yan boko sun raina ta.

Ni ba na ƙin al'adarmu. Ina son a yi mini wankan jego, ina son ƙauri, ina son a yi wa ɗana kiran salla a kunne a shafa masa dabino a ganɗa kamar yadda sunna ta koyar, ina son in zauna arba'in ana ririta ni. Tsorona a kan wasu abubuwa ne ƙalilan. Irin ruwan da na ga ana fyaɗa wa matan gidan da ganye, yana tafasa ake sauke shi, akwai wadda har yau da tabon ƙuna a cinyarta. An gaya mana a awo cewa tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego a ƙasar Hausa, suka danganta shi da tsananin zafin wanka da yawan kunun kanwa, domin kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki tana hawar da jini. Mai jini irin nawa ina za ta kai kofi-kofi na kunun kanwa safe da yamma har kwana 40?

Na jaririn ma ya fi tsaya mini a rai. A gidan, ba a ba jariri dakashi, sai a matse a zubar a ce dauɗa ne, a riƙa ba shi ruwa da zuma kafin nono ya “gyaru”. A asibiti kuwa cewa aka yi a ɗora shi a ƙirjina a sa masa nono cikin awa ɗaya da haihuwa, dakashin nan shi ne rigakafinsa na farko, kada a ba shi zuma sai ya shekara, kuma nono zalla har wata 6, ko ruwa ban da shi. Da Umma ta ji batun ruwa sai ta ce, “A zafin Afrilu? Kashe shi za ku yi da ƙishirwa?” Anti ta yi mini bayanin cewa mafi yawan nono ruwa ne, ni ce zan riƙa sha da yawa in riƙa ba shi a kai a kai, na kuma gamsu, amma ban san da wane baki zan maimaita wa Umma ba. Haka cibiya: su tsumma mai zafi suke dannawa su shafa man zafi ko man goge baki, asibiti kuwa sun ce man kashe ƙwayoyin cuta na kulohekzidin kaɗai, sau ɗaya a rana, kuma kada ya kusanci ido. Sun ce a jinkirta wankan farko sai bayan awa 24. Sun ce a yi masa allurar BCG ta tarin fuka da ɗigon shan inna da allurar ciwon hanta tun a kwanakin farko, a koma a sati 6 da 10 da 14, alhali a gidan mai jego ba ta leƙa ƙofa sai ta yi arba'in. Wanzamin gidan kuma ba ya tsayawa a aski, sai ya cire beli, ni kuwa ko tunanin ƙarfe a maƙogwaron jariri ba na iya yi.

Maigidana ya amince in haihu a asibiti, ya kuma ce kuɗin Anti ba matsala ba ne, bai kai na ragon suna ba. Amma da an zo kan mahaifiyarsa sai ya sunkuyar da kai ya ce in bi a hankali, shi ba zai iya musu da ita ba. Ban ga laifinsa ba, tarbiyyarsa ce, kuma saboda tarbiyyar na aure shi. Anti kuma ta ce ba za ta taka gidan Umma ba sai da yardarta, domin mai jego ba ta samun nutsuwa a gidan da ake harara. Ta ce a shirye take ta je ta durƙusa ta gaishe ta, ta nuna mata cewa ba kujerarta ta zo ɗauka ba: Umma ta yi wanka da ruwa mai ɗumi wanda hannu zai iya jurewa, a dama kunun gyaɗa ko na tsamiya maimakon na kanwa, Iya ta riƙe wankan jariri da binne mabiyiya da duk hakkinta na ranar suna.

To Hajiya, ta ina zan fara? Ni zan je wa Umma da kaina, ko in matsa wa maigidana, ko in nemi wata babba da take jin nauyinta, kamar ƙanwar mahaifina da ke Fagge? Ina tsoron idan dangina suka shigo abin ya zama na gida biyu. Na yi tunanin in roƙe ta ta raka ni awo ta ji daga bakin malaman asibiti, amma ban sani ba ko za ta ɗauka na kai ta ne a kunyata ta a gaban yara. Idan kuma asibiti suka ce mutum ɗaya kawai za su bari ya shiga, wa zan zaɓa? Zuciyata tana wurin wadda ta san alamun haɗari, amma in Umma ta zauna a benci a waje bare tana ciki, anya za ta manta? Kuma idan ta ƙi gaba ɗaya, ya halatta in tsaya a kan abin da ya shafi lafiyar jaririn ko da ranta zai ɓaci, ko hakan ya zama rashin ladabi ga uwar miji? Wannan tambayar ta hana ni barci, ina so in ji ta bakin malamai a kanta.

Ina roƙon a sakaya sunana, a kuma sauya sunayen unguwannin in za a karanta a iska, domin shirinki ba ya wuce Umma. Saboda haka ma nake roƙon, in da hali, ki gayyato ungozomar asibiti wadda ta manyanta, tare da malamar addini, su yi bayanin wankan jego da dakashi da cibiya da cire beli cikin girmama iyayenmu. Umma tana jin maganarki, takan ce ke ba kya faɗin son rai. Don Allah a taimaka a duba wasiƙar nan kafin cikin ya shiga wata tara.

Wassalam.

'Yarki,
Mai sauraro daga birnin Kano