Wasiƙar godiya ga asibitin fatar da ya ƙi sayar mini da abin da na je saye

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Likita, da Sista, da sauran ma'aikatan asibitin fatar da nake zuwa a nan Kano.

Bayan gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Na so in rubuta sunan asibitinku da manyan baƙaƙe a saman wannan takarda, amma da na gaya wa Likita niyyata sai ta roƙe ni in bar sunan, domin ƙa'idar aikinsu ta hana likita tallata kansa, kuma ba ta son a zaci ita ta sa ni. Na bi maganarta. Ku dai kun san da ku nake, kuma godiyar da ke raina ta fi ƙarfin in faɗe ta a bakin ƙofa ina gyara hijabi, shi ya sa na kawo ta bainar jama'a.

Ni malamar makaranta ce, uwar 'ya'ya biyar. Da launin wankan tarwaɗa aka haife ni, haka kuma aka kai ni ɗakin miji. A shekarar 2010, ina ɗauke da ciki na uku, wasu baƙaƙen tabbai suka fito mini a kumatu da goshi kamar an shafa toka. Na haihu, aka yi suna, aka yi arba'in, tabban suna nan. Wata mai sayar da man haɗi ta ba ni wata 'yar roba marar rubutu, ta ce sati biyu ya isa. Ba ta yi ƙarya ba a kan sati biyun. Fuska ta washe, mutane suka fara cewa jego ya karɓe ni. A garin da har karin magana ake yi cewa fara ko mayya ce a kawo, wa zai ce maka bari? Daga fuska na koma wuya, daga wuya na koma jiki duka. Duk ranar da na yi ƙoƙarin dainawa sai ƙaiƙayi da ƙuraje su taso, in koma wa robar da gudu. Haka na yi shekara 14.

A watan Janairun 2024, tsakiyar hunturu, na shigo wurinku. An sa bikin 'yata ta fari bayan Babbar Sallah, saura wata biyar. A lokacin kumatuna sun yi wani irin baƙi mai ratsin shuɗi wanda hoda ba ta rufe shi, gaɓoɓin yatsuna sun yi duhu, nankarwa ta tsattsaga mini damtse da cinya, jijiyoyi suna bayyana ta ƙarƙashin fata, ga makero da ya ƙi jin magani. Na kwashi adashena gaba ɗaya na zo da shi a jaka. Na riga na yanke abin da nake so tun daga gida, saboda na gani a Instagram: a yi mini leza a goge baƙin, a yi mini allurar hasken fata, a ƙara da Botox saboda tamojin da ya fara fitowa a gefen idanuna.

Likita, ba zan manta yadda kika saurare ni ba. Ba ki katse ni ba, ba ki yi tsaki ba, ba ki yi mini kallon da na saba gani a fuskar mutane ba. Da na gama sai kika ce, "Hajiya, kin zo da man da kike shafawa?" Na ce yana gida, kunya ta hana ni ɗauko shi. Kika ce in kawo shi duka, har da sabulun, kada in bar ko ɗaya. Sannan kika ɗauko wata 'yar fitila mai madubin ƙara girma kika duba kumatuna a tsanake, kika ce, "A yau ba zan yi miki ko ɗaya daga cikin ukun nan ba. In na karɓi kuɗinki na yi miki leza a kan wannan fatar, na cuce ki."

Raina ya ɓaci a ranar, ba zan ɓoye ba. Na fita ina cewa a zuciyata me ya kawo ni wurin da ake kai kuɗi a ƙi karɓa. Amma bayanin da kika yi mini ya bi ni har gida, ya hana ni barci, kuma shi ne ya dawo da ni bayan kwana uku da leda cike da robobi.

Abin da na fahimta daga bakinki, kuma nake so 'yan uwana mata su ji, shi ne ciwo uku ne suka haɗu a fuskata, ni kuwa ina ganin abu ɗaya ne. Na farko, tabban da suka fito lokacin ciki, waɗanda kuke kira melasma. Sauyin sinadaran jikin mai ciki da zafin rana ne ke tayar da su, kuma da tun farko wurin likitan fata na zo, da abin bai kai haka ba. Na biyu, baƙin nan mai ratsin shuɗi, wanda kika ce sunansa okuronosis, kuma man da nake shafawa don ya kore baƙi shi ne ya haife shi. Sinadarin haidirokwinon da ake sawa a man bilicin, in an daɗe ana shafa shi, musamman mai ƙarfi, sai ya juya ya rina fata daga ciki. Kika ce tun 1975 likitoci a Afirka ta Kudu suka bayyana wannan cuta a jikin masu shafa man bilicin. Na uku, sirancewar fata da nankarwa da makero, aikin sitiroyid ne. A cikin ledar da na kawo kika ciro wani ɗan bututu kika nuna mini sunan kilobetasol, wani nau'in sitiroyid, a jikinsa, kika ce magani ne mai ƙarfin gaske da ake rubuta wa mai ciwon fata na ɗan gajeren lokaci, ni kuma na mai da shi man shafawa na kullum, safe da dare, shekara da shekaru.

A wurinki na fara jin cewa dokar NAFDAC ta hana sa sitiroyid da zaiba a kayan kwalliya, kuma ba ta yarda haidirokwinon ya wuce kashi 2 cikin 100 ba. Robar da ba ta da rubutu, wa ya san nawa ne a ciki? Daga baya na tuna cewa a farkon 2023 na ji a rediyo hukumar ta zo nan Kano tana gargaɗi a kan bilicin, har shugabarta, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ce abin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa, ana ambaton ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da man hasken fata. Na ji a lokacin, amma ban ɗauka da ni ake ba.

Kafin ki taɓa fuskata sai da kika sa aka auna mini jini da suga, aka duba ƙoda, saboda kin ce sitiroyid yana ratsa fata ya shiga jiki ya tayar da hawan jini da ciwon suga, zaiba kuma ƙoda take ci. Jinina ya ɗan hau, kika haɗa ni da likitan da ya dace. Na zo neman kyan fuska, sai ga shi an gano mini abin da ya fi fuska muhimmanci.

Game da abubuwa ukun da na zo nema, kowanne kin ba ni dalilinsa, ba ki ce mini a'a kawai ba. Leza, kika ce, zafi ne, kuma baƙar fata irin tamu tana mayar da martani ga zafi da rauni ta hanyar ƙara baƙi. Akwai ma'aunin launin fata mai hawa shida da wani likitan Amurka, Fitzpatrick, ya tsara, mu muna hawa na biyar da na shida, kuma ba kowace na'ura ce ta dace da mu ba. Ko wadda ta dace ɗin ba a ɗora ta a kan fatar da ta yi siriri kamar takarda. Allurar hasken fata kuwa, wato ta gulutatayon, kika ce ba kya yin ta kwata-kwata, don babu gamsasshiyar hujja a kan amfaninta ko amincinta wajen hasken fata. Botox kuma naman da ke motsa fata yake kwantarwa na wata uku zuwa huɗu, ba ya gyara yamutsewar da ta samo asali daga lalacewar fatar kanta. Kika ce in na warke, ina kuma so, sai mu sake zama mu yi magana.

Wata biyun farko su ne mafi wuya da na taɓa gani. Kin ce ba a yanke sitiroyid dare ɗaya, sai kika riƙa rage mini ƙarfinsa a hankali. Duk da haka fuska ta yi ja, ta yi zafi, ƙuraje suka feso, launina ya fara komawa na asali a gaban idon ɗalibaina da abokan aikina. Wasu suka riƙa tambaya ko rashin lafiya nake yi. Azumi ya kama a watan Maris, ga zafin bazara, ga bakin murhu. Wani dare bayan tarawihi na zauna da tsohuwar robar da na ɓoye ban kawo muku ba, na buɗe murfin. Sista, ke na kira a daren nan, kuma kin ɗauka. Kika ce, "Anti, rufe ta ki ajiye, gobe ki zo mini da ita. Wannan zafin da kike ji fatar ce take koyon tsayuwa da ƙafarta." Washegari na kawo miki, kika karɓa ba ki ce mini komai ba sai sannu. Allah ne kaɗai zai biya ki.

Ke ce kuma kika zauna kika rubuta mini yadda zan yi amfani da komai da Hausa, a takarda guda, wanda na manna a jikin madubi. Sabulu marar ƙamshi, ba goga da soso, man da ke riƙe danshi, maganin makero, sai daga baya man azelaik saboda tabbai. Sai uwa uba man kariya daga rana mai lamba 50, wanda da nake zaton na Turawa ne kawai. Kika nuna mini adadinsa, tsawon yatsu biyu ga fuska da wuya, kika samo mini mai ɗan launi wanda ba ya barin fari-fari a baƙar fata. Da na ce ai alwala za ta wanke shi, kika ce to bayan alwalar Azahar da ta La'asar in sake shafawa, in riƙa ajiye shi a jaka kusa da carbi. Wannan ƙaramar dabara ita ta sa na ɗore.

Biki ya zo a watan Yuni, kuma ban warke ba. Likita ta riga ta gaya mini haka tun ranar farko, ba ta yi mini alkawarin ƙarya ba. Ta kuma hana ni dilka da halawa a fuska da duk wani gurza na gyaran biki, ta ce fatar ba za ta ɗauka ba tukuna. Na tsaya a hoto kusa da 'yata da launin da mahaifiyata ta san ni da shi. Da Hajiyarmu ta ga hoton sai ta ce, "Yau na ga 'yata." Na shiga ɗaki na yi kuka.

Sai bayan wata takwas, da fata ta yi kauri ta daina ja, sannan kuka fara yi mini abin da ake kira gyaran fuska. Sinadarin da ke sa fata saɓa kuka yi amfani da shi, mai sauƙin ƙarfi, na gilaikolik, wanda Sista ta ce asalinsa a jikin rake ake samunsa. Kun fara gwadawa a ɗan wuri kusa da kunne, kuka jira sati biyu ku ga yadda fatar za ta yi. Daga nan sau ɗaya a wata, mintoci kaɗan a kan gado, Likita tana tsaye da agogo, ɗan raɗaɗi, a wanke. Sau shida aka yi. Tabban melasma sun dusashe ƙwarai, ƙuraje sun tafi, fuska ta yi santsi, har tamojin gefen ido da na zo nema wa allura ya ragu da fatar ta samu lafiya. Baƙin okuronosis ya ragu amma bai tafi duka ba, nankarwa ma tana nan ta dai yi fari, kuma kun gaya mini wataƙila da su zan zauna. Na karɓi hakan, domin wanda ya gaya maka gaskiya a kan abin da zai iya, dole ka yarda da shi a kan abin da ya ce ba zai iya ba.

Ina godiya ga yarinyar da ke yankar kati, wadda ba ta taɓa ɗaga murya ta faɗi abin da ya kawo mutum a gaban jama'a ba. Ina godiya ga mai shara, don ban taɓa kwanciya a kan zanen da wata ta tashi a kai ba. Ina godiya ga Baba mai gadi da yake tsayar mini da a-daidaita-sahu in rana ta take, yana cewa Likita ta ce kada Hajiya ta tsaya a rana. Hotunan da kuke ɗauka don auna ci gaba kuma ba ku taɓa sa ko ɗaya a intanet ba, kun tambaye ni sau ɗaya, na ce a'a, ba ku sake tayar da zancen ba.

Roƙo ɗaya nake da shi. Man kariya daga rana yana da tsada, kuma yawancin matan da ke cikin halin da na fito ba za su iya sayensa duk wata ba, balle kuɗin ganin likita. In da hali, Likita, ki riƙa shiga rediyo ko da sau ɗaya a wata ki yi irin bayanin da kika yi mini, da Hausar nan taki mai sauƙi. In kuma za ki iya zuwa makarantarmu ki yi wa 'yan matan aji shida magana, na riga na nemi izinin shugabar makaranta, ta amince. Akwai waɗanda nake ganin gaɓoɓin yatsunsu sun fara duhu, shekarunsu ba su wuce 16 ba.

Kuɗin adashen da kika ƙi karɓa a ranar farko, rabinsa ya tafi a magani da gwaje-gwaje cikin shekara guda, rabin kuma da shi na ƙarasa wa amarya kayan kicin. Ta haihu a bana, kuma da tabbai suka fara fito mata a kumatu tana da ciki wata shida, ni da kaina na riƙo hannunta na kawo ta wurinku.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya yi wa sana'arku albarka, Ya jiƙan magabatanku, Ya raya muku zuri'a. Sista, ina nan tafe ranar da kika rubuta mini a kati, kuma zan zo da maƙwabciyata da na ba ki labari, ta ce ta shirya kawo ledarta.

Wassalam.

Taku har kullum,
Malamar makaranta daga Kano